Mu 'Yan Bencin Laraba

Shekara tara ke nan ina zaman benci a barandar wani asibiti da ba zan kama sunansa ba, duk Larabar da aka rubuta mini a kati. Mukan hallara tun gari bai gama wayewa ba, ciki wayam, domin awon farko ba a yin sa sai mutum bai sa komai a baki ba. Kowa da fulas ɗin kokonsa ko ƙullin ƙosai a gefe, yana jiran Sista ta soki yatsa ya karya kumallo. Yunwa da dogon jira kuwa suna kwance bakin mutum, shi ya sa babu irin labarin da ban ji ba a kan bencin nan. Masu ciwon sukari ne mu duka, likita ɗaya muke gani, kusan ƙwaya iri ɗaya ake rubuta mana, amma yadda kowa ke zama da tasa ƙwayar sai wanda ya gani.

Da gangan na ce zama. A wurin Bahaushe magani baƙo ne: ya zo, ya kwana uku, ya kori zazzaɓi, a yi sallama. Sai ga wani ciwo da likita zai dube ka ya ce wannan ƙwaya kai da ita auren zobe ne, mutu-ka-raba. Mu kuwa mutane ne da suka san saki ɗaya, saki biyu, yaji, biko da kome. To, duk waɗannan ana yi wa ƙwayar sukari, har da kishiya. Kada kuma a ce halinmu ne mu kaɗai. A 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa ko a ƙasashe masu arziki, kusan rabin masu doguwar jinya ne kawai ke shan magani yadda aka rubuta musu. Wato Bature ma yana da bencinsa, sai dai nasa mai katifa ne.

Wanda ya fi yawa a cikinmu shi ne Na-warke. Ya zo asibiti a rame, yana shan ruwa kamar raƙumi, yana tashi fitsari sau biyar cikin dare. Aka ɗora shi a kan magani. Bayan wata uku ƙishirwa ta tafi, barci ya dawo, awo ya nuna 6. Sai ya koma gida ya yi sadakar masa, ya sanar da majalisa cewa Allah ya yaye masa, ya ajiye sauran ƙwayoyin a saman sif. Kwatankwacinsa mutumin da ya tayar da janareta ne, ya ga ɗaki ya yi haske, ya ce ai an kawo wuta, ya fita ya kashe janaretan. Bayan wata biyar sai ka gan shi ya dawo, wando yana neman faɗuwa, ya zauna a gaban Sista yana girgiza kai.

"Sista, ciwon nan fa ya dawo."

"Baba, ai bai je ko'ina ba. Ku ne kuka tafi."

Don a yi masa adalci, akwai masu nau'i na biyu na ciwon, wanda ya fi kama manya, da sukan rage ƙiba sosai, su gyara ci, har likita ya rage musu magani ko ya dakatar da shi yana sa ido. Amma wannan hukunci ne da ake yankewa a ɗakin likita da takardar awo a hannu. Na-warke shi a majalisar bayan la'asar yake yanke nasa, abokan ludo suna shaida.

Ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya shi ne Na-san-jikina. Shi bai saki ƙwayar ba, rabon kwana ne ya hana ta. Ranar da ya ji kasala ko bakinsa ya bushe sai ya neme ta. Ranar da ya tashi garau, ta yi haƙuri. In ka yi magana ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matsalar ita ce wannan ɗakin ba yoyo yake yi ba, gara ce ke cin azararsa. Ƙishirwa da yawan fitsarin da yake jira ba sa bayyana sai sukari ya haura wajen 10, lokacin da ƙoda ta gaza riƙe shi ta fara zubar da shi a fitsari. Ƙasa da haka mutum zai iya shekara da shekaru yana jin kansa lafiya lau, alhali sukari yana ta cin ƙananan jijiyoyin jini na ido da na ƙoda da na tafin ƙafa. Ranar da ya taka ƙusa bai ji ba, sai matarsa ta ga jini a takalmi, ranar ce zai san cewa jikin da yake taƙama ya sani ya daɗe da daina ba shi labari. Daga nan kuma sai a ce ya taka sammu, a ɓata wata biyu ana ɗaure ƙafar da ganye kafin a kawo shi.

Yanzu na zo kan rukunin da ni ma ɗan cikinsa ne, kuma da a ce ana naɗa sarauta a ciki, da tuni an naɗa ni. Mu ne 'yan jajibiri. Wata biyu da mako uku muna rayuwarmu: shinkafa da miya a cika faranti, shayi mai kauri, ƙwaya in an tuna. Da zarar ranar asibiti ta rage kwana uku sai mu zama waliyyai. Tuwon acca, miyar ganye, ruwa zalla, tattaki bayan isha har maƙwabta su fara tambaya ko mota ta lalace. Ƙwaya kuwa a kan lokaci kamar kiran salla. Ranar Laraba awo ya fito tas, likita ya yaba, mu fito mu tsaya wurin mai rake.

Na yi shekara biyu ina cin wannan kasuwa. Sai ranar nan aka kawo wani sabon likita, yaro ne da bai fi sa'ar ɗana na fari ba, ya rubuta mini wani awo da suke kira HbA1c, mu kuma a benci muke ce masa awon wata uku. Dabararsa ita ce sukari yana manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuwa sukan rayu wajen kwana 120, don haka suna ɗauke da lissafin duk abin da mutum ya yi a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ga yawancin manya ana son ya tsaya ƙasa da 7 cikin ɗari. Nawa ya zarce 10. Likita ya ajiye takardun biyu gefe da gefe, ya dube ni cikin ladabi.

"Baba, wannan takarda ta ce kun yi kwana uku kuna bin doka. Wannan kuma ta ba ni labarin sauran kwanakin."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ke cetar da yawancin 'yan jajibiri har yau shi ne awon yana da tsada, ba kowa ake iya yi wa a kai a kai ba. Ni dai tun daga ranar na gane cewa shekara biyun nan ba likita nake yi wa wayo ba, domin idon da zai dushe ba a fuskarsa yake ba.

Sai mai kishiya, wanda labarinsa ya fi na kowa tsawo. Shi yana shan ta asibiti, amma ya yi mata abokiyar zama, wani lokaci har uku. Da safe ruwan shuwaka, da rana jiƙon garahuni, da dare hulba da garin zogale. Ƙa'idarsa guda ce: ɗaci ne maganin zaƙi. Duk abin da ya sa shi ya yamutsa fuska, to yana aiki. Na san wani a bencinmu da ya sha ruwan darbejiya har sai da jikokinsa suka daina yarda ya sumbace su. Wannan rukuni suna da malamai biyu. Na farko mai mota ne da lasifika a bakin kasuwa, wanda jarkarsa ɗaya ke maganin basir, shawara, sanyi, sukari da rashin haihuwa, kuma in ka sayi biyu a ba ka ta uku kyauta. Na biyu zauren WhatsApp ne na dangi, inda kowane mako wata gwaggo za ta turo muryar wani da ba a san ko wane ne ba, yana rantsuwa cewa in aka jiƙa kuɓewa ta kwana a ruwa an gama da ciwon, likitoci ne kawai ke ɓoyewa don kada kasuwarsu ta mutu. Ƙarshen saƙon kullum ɗaya ne: ka tura wa mutum goma don Allah.

Ba na raina tsiro. Ita kanta metfomin, farar ƙwayar nan da kusan kowa ke farawa da ita, asalinta yana komawa ga wani tsiro da Turawa suka daɗe suna amfani da shi a maganin gargajiyarsu, kafin wani likita a Faransa, Jean Sterne, ya gwada ta a kan masu ciwon sukari a 1957. Bambancin shi ne ita an auna ta. In an rubuta 500 a jikin kati, kowace ƙwaya 500 ce, yau da gobe da jibi. Jarkar mai lasifika kuwa ko shi bai san abin da ke cikin kofi ɗaya ba, ƙodar mai sha ce za ta yi lissafin. Zogale a miya ko a kwaɗo abinci ne mai kyau, babu mai hana shi. Abin da ke kashe mutane shi ne ranar da amarya ta kori uwargida, aka ajiye ƙwaya gaba ɗaya aka koma jarka. Akwai kuma masu cewa sun bar sukari sun koma zuma, ko suna shan lemon malt don ƙarin jini. Zuma tana da darajarta, amma in ta shiga jinin mai wannan ciwo, mitar awon sukari ba ta bambanta ta da mazarƙwaila.

Kusan duk mai kishiya auren ɓoye ya yi. Likita ya tambaya ko yana shan wani abu, ya ce a'a, alhali ga warin tafarnuwa ya cika ɗakin. Laifin kuma ba nasa ba ne shi kaɗai. Wanda ya taɓa faɗin gaskiya aka balbale shi da faɗa a gaban 'yan bayansa, ba zai ƙara ba. Likitocin da na ga sun ci nasara a kan wannan rukuni su ne masu cewa, "Alhaji, a kawo mini jarkar in gani," su duba, su ce wannan a ci gaba, wannan a bari, amma ƙwaya kada a taɓa ta.

Mai ramuwa shi ya ɗauki magani kamar sallar da ta kuɓuce. Ya manta ta safe, to da dare sai ya haɗa biyu. Babban yayansa kuma mai kafin alƙalami ne: in zai je ɗaurin aure ya san za a yi alkaki da nakiya da lemo, sai ya haɗiye ƙwaya biyu tun daga gida, wai ya biya kuɗin zunubin kafin ya aikata. In ƙwayar irin su gilibenkilamaid ce, wadda tsofaffin benci suka fi sani da Daonil, to abin ba wasa ba ne, domin ita matsa wa jiki take ya fitar da insulin, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Abincin biki kuwa kowa ya san ba ya fitowa a kan lokaci. Na ga wannan da idona a wani wuni. Mutum yana zaune cikin babbar riga sai zufa ta karyo masa, hannu ya kama rawa, ya fara magana ba kai ba gindi. Nan take aka ce mutanen ɓoye ne. Wani ya tafi neman garwashi da hayaƙi, wani ya fara tofi. Wata yarinya 'yar makarantar koyon jinya ce ta ratsa manya, ta ce a gafarce ta, ta ba shi rabin kwalbar lemo tun yana iya haɗiya. Kafin minti goma sha biyar aljanin ya tafi, Alhaji yana tambayar ina aka kai hularsa. Sukarinsa ne ya faɗi. Abin da aka hana mu shekara da shekaru shi ne maganin wannan sa'ar, shi ya sa mai shan irin wannan ƙwaya ko mai allura bai kamata ya fita ba curin sukari uku ko huɗu a aljihu ba. Wanda ya riga ya suma kuwa ba a ɗura masa komai, asibiti ake yi da shi.

A nan ne kuma lissafi ke rikita mutane. Takardar asibiti ta ce 7, mitar da ɗa ya aiko daga Abuja ta ce 126, sai gida ya ɗauki salati. Abu ɗaya ne, ma'auni ne biyu, kamar mudu da tiya: a ninka na farko sau 18 a sami na biyu. Faɗuwar sukari tana farawa daga ƙasa da 3.9 a wancan, ko 70 a wannan. Na san wani dattijo da ya yi mako guda yana murna mitarsa ta nuna 19, yana cewa ai ko ashirin bai kai ba alhali na maƙwabcinsa ɗari da hamsin ne.

Akwai wanda ba na iya yi wa dariya sosai, ko da yake shi yana yi wa kansa. Ɗan fansho ne, kullum tsaf da shi, hula a karye. Shi ne mai tattali. Yakan sa reza ya raba ƙwaya biyu kamar mai rabon naman layya ga maƙwabta, maganin wata ɗaya ya ja shi wata biyu. Tun da darajar naira ta faɗi daga 2023, kuɗin magungunan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo, masu reza suka yawaita a bencinmu. Ba ya gaya wa likita, don kunya. Likita kuma ya ga awo bai sauka ba, ya ɗauka maganin ne ya yi kaɗan, ya ƙara masa wani mai tsada. Da zai buɗe baki ya ce, "Likita, aljihuna bai kai nan ba," da an nuna masa cewa Glucophage sunan kasuwa ne kawai, metfomin ce a ciki, kuma akwai ta wasu kamfanoni mai rahusa da lambar NAFDAC a jiki. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowane ɗan Najeriya shiga tsarin, amma a bencinmu masu katin ba su cika hannu ba. A 2022 gwamnati ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi. Da za a tambaye ni inda ya kamata kuɗin su je, da na nuna wannan dattijo da rezarsa. Ina kuma da magana da 'ya'yan irin waɗannan iyaye. Salla ta zo, kun aiko da buhun shinkafa da katan biyu na lemo da shadda. Allah ya yi albarka. Amma da za ku je kemis ku biya maganin wata uku, ku ce a riƙa kai wa Baba, da ya fi shaddar amfani, don shi ba zai taɓa roƙonku ba.

Mai gudun allura kuwa, ranar da likita ya ambaci insulin sai ka ga ya miƙe yana neman takalmi. Hujjarsa a shirye take: wane da aka fara yi wa allura bai yi wata shida ba, wance ma haka. Gaskiya ne sun rasu, Allah ya ji ƙansu. Amma sun shekara biyar suna gudun allurar, sai da ƙoda ta tafi suka yarda. Wannan kamar a ce 'yan kwana-kwana ne ke ƙona kasuwa, tunda duk inda aka yi gobara ana ganin motarsu. Insulin abu ne da jikin kowa ke yi da kansa, a wata gaɓa da ke bayan tumbi. Allurar cike giɓi ce kawai. Kafin Frederick Banting da Charles Best su fitar da shi a Toronto ta Kanada a 1921, yaron da ya kamu da nau'i na farko ba ya daɗewa. Wanda aka fara yi wa, Leonard Thompson, yana yaro a watan Janairun 1922, ya rame ya kusa tafiya, ya tashi ya ƙara shekara 13 a duniya. A bencinmu akwai wata yarinya da ba ta wuce aji ɗaya na sakandare ba, mai irin wannan nau'i. Ita ke yi wa kanta allura kullum, a cinya ko a ciki, da 'yar allurar da ba ta kai tsinin ƙaya ba. Idan ta zauna kusa da wani ƙaton ɗan kasuwa da ke rantsuwa shi ba za a soke shi ba, mukan kawar da kai don kada ya ga muna murmushi.

Uzurinsu na biyu ya fi ƙarfi: ina wutar da za a ajiye insulin a firji? Uwar yarinyar nan ce ta ba su amsa. Kwalbar da aka fara amfani da ita takan yi kusan mako huɗu ba firji in ba ta sha zafi ba, ita kuwa tana sa ta cikin roba mai murfi, ta ajiye a tukunyar ƙasa da ke cikin wata tukunyar, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Dabarar nan ce da Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa don adana tumatir da ganye, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Abin da insulin ba ya so shi ne rana, da gaban mota, da kuma daskarewa. Wanda ya kai nasa wurin mai ƙanƙara don ya fi sanyi, ya kashe shi.

Watan azumi yana fito da mutum biyu. Ɗaya zai yi azumi ko da za a ɗauke shi ranga-ranga, kuma ba zai auna sukari da rana ba wai ɗigon jini yana karya azumi, alhali malamai da yawa sun ce sukan yatsa don awo ba ya karyawa, kuma addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Ɗayan kuma ya ba ƙwaya hutun wata guda, tunda ai ba ya cin komai, sannan da magariba ya zauna gaban dabino bakwai, kunun gyaɗa, zoɓo, ƙosai da soyayyen dankali. Abin da likitoci ke roƙo kaɗan ne: a zo tun Rajab ko farkon Sha'aban a tsara wanda zai iya da wanda bai kamata ba, a sauya lokutan ƙwaya zuwa buɗa-baki da sahur, kuma in mita ta nuna ƙasa da 70 ko sama da 300 a sha ruwa. A bencinmu dai an fi zuwa neman wannan shawara ranar uku ga wata, bayan an faɗi a sahun tarawihi.

Ban manta da mai ɓoyo ba, wanda ke shan ƙwayarsa a mota kamar mai shan abin maye. Ya ƙara aure, ba ya so amarya ta sani, don an ce ciwon yana taɓa mazantaka. Yana taɓawa kuwa, amma wanda aka bari ba magani ne ke yin hakan, don haka garin ɓoyon ya jawo abin da yake gudu. In ya je gidan surukai aka kawo lemo mai sanyi, kunya ba za ta bar shi ya ce a ba shi ruwa ba. Tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ya haura shekara talatin da wannan ciwo, ga shi ya wuce tamanin yana yawonsa. Shi bai ji kunyar duniya ba, kai kana jin kunyar ƙanwar matarka.

A gida kuma akwai 'yar sanda. Tana ƙaunar mijinta, shi ya sa ta ware masa tukunya: kowa na cin shinkafa da kaza, shi an tura masa baƙin tuwon alkama da miya ba mai, ana tsaye a kansa. "Malam, ka sha? Buɗe bakin in gani." Sakamakon shi ne Malam ya zama babban kwastoman mai shayin bakin layi, biredi da madara gwangwani guda. Gidajen da na ga abin ya zauna lafiya su ne inda kowa ke cin abu ɗaya, a rage malmala, a yawaita miya da ganye da wake, a kuma ajiye ƙwayar kusa da kwanon ba tare da wa'azi ba.

Ɗaya ɓangaren teburin ma yana da nasa mutanen. Akwai likitan minti biyu, wanda mutum tamanin ke jira a waje, ya rubuta tun kafin ka gama gaisuwa. Akwai na tagar magani da zai turo leda ya ce "ɗaya safe ɗaya yamma" ya kira na gaba, bai ce maka metfomin a kan abinci ake shan ta ba. Sai mutum ya sha da wofin ciki, ciki ya murɗa, gudawa ta kama shi, ya ce maganin bai karɓe shi ba, ya bari, alhali da an fara da kaɗan a tsakiyar cin abinci, yawanci cikin 'yan makonni abin ke lafawa. Tsofaffinmu kuma da launi suke gane magani: farar doguwa, 'yar ƙaramar nan, mai ruwan ƙwai. Ranar da aka canza kamfani launi ya canza, sai su ɗauka sabon magani ne aka ƙara, su haɗa da tsohon su sha duka. Wata Sista da ta gane haka ta kafa mana doka: duk mai zuwa ya zubo dukkan magungunansa a leda ya zo da su, har wanda ya ƙare. Abin da ke fitowa daga ledojin nan ya isa a buɗe ƙaramin kemis, har da na hawan jinin kishiya da na wani da ya rasu bara.

Wadda duk muke jin kunyarta wata Hajiya ce daga ƙauye, da ke shigo motar farko. Ba ta karatun boko, ba ta da waya mai ƙararrawa irin tawa. Jikarta ta zana mata rana a wani gwangwani, wata a wani. Gwangwanin rana yana zaune cikin kofin kokonta, ba yadda za ta sha koko ba ta ɗaga shi ba. Na wata yana kan faifan da take rufe tuwon dare. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci jikar ta ƙirga mata bakwai nan, bakwai can. In Juma'a ta zagayo aka ga saura, an san an yi fashi. In ya rage na mako ɗaya, ta sayar da kaza. Awonta na wata uku bai taɓa ba likita haushi ba.

Larabar da ta wuce muna zaune tare bayan an soke mu. Ta kwance bakin zaninta, ta fito da ƙwayarta, ta kurɓi koko, ta haɗiye. Sai ta dube ni.

"Kai ɗan nan, ina taka?"

Na laluba aljihun gaba, na laluba na gefe. Ga waya, ƙararrawarta ma ta buga tun ƙarfe bakwai na kashe. Ƙwaya tana gida a kan talabijin.

"Ayya," in ji Hajiya. Ta sake kwance bakin zanin. "Ungo ɗaya daga tawa, ai duk farare ne."

Daga can ƙarshen baranda muka ji muryar Sista.

"Hajiya! Sau nawa zan ce ba a aron magani?"